Wadda Ke Cikin Allon Muftahu

Ni na hura wutar, na yarda. Na gaya wa Ikilima, 'yar kawuna, cewa duk Asabar saurayinta Muftahu yana zuwa unguwar Alajo koyon hoto wajen masu kyamarar kakanni, ƙatuwa kamar akwatin aure, kuma matan wurin sun fi dubu. Gaskiya su biyu ne.

Muka tarar da shi a taron masu hoton, ya cusa kai cikin baƙin ƙyallen kyamara. Ikilima ta wawuri wani ɗan allo mai murfi da ya ajiye kan jakarsa.

"Wace ce a ciki?"

Ya fito yana zufa. "Fim ne, ba a wanke ba. Shi ne na farkon da na ɗauka. In haske ya taɓa shi, hoton ya mutu."

"Dabara dai. Wace ce?"

Ya dube ta, ya dubi ƙasa. "Wadda zan tura kawuna gidansu da goro."

Ta ja murfin har rabi. 'Yan taron suka dafe kai kamar an yi rasuwa.

"Ke ce," ya ce a hankali. "Daga saman benen maƙwabtanku a unguwar Maamobi, kina gyangyaɗi bayan tukunyar waakye, shinkafa da waken nan. Sati uku ina jiran ki zauna wuri ɗaya."

Ta mayar da murfin, ta yi min hararar da har yau bayana ke ciwo.

Hoton yana rataye a ɗakinsu yanzu. Ɓangaren Ikilima fari fat, amma tukunyar ta fito tsaf.