Hasumiyar da Inna ta nuna mini

Ranar da Inna ta fara tafiya da ni tallar nono cikin Tamale, muna shigowa daga Dungu ta tsaya, ƙwarya a kanta, ta kama haɓata ta ɗaga.

"Kin ga hasumiyar masallacin can? Duk inda kika ɓata a garin nan, ɗaga kai ki nufe ta. Can za mu haɗu."

Har yau ina jin ƙamshin man shanun yatsunta.

Yanzu dogayen benayen ofisoshi sun tare hasumiyar. Bara, da tsufa ya taɓa mata hankali, Inna ta fita ba mu sani ba. Na tsince ta gindin wani benen gilashi, kanta a sama. Ba ta gane ni ba.

"Baiwar Allah, ina hasumiya? 'Yata na can tana jirana."