Littafin Farar Saniya

A ƙarshen shekarar 1974 asirin Mairam ya tonu a Babura, a gaban mahaifinta, Alhaji Mele.

Tun da idon Alhaji Mele ya mutu, ita ke karanta masa littafi kullum bayan la'asar, kuma ba abin da yake jira a yini kamar wannan. Ranar nan Sama'ilu, ɗan ƙanensa, ya zo hutu daga kwaleji a Kano. Tsohon ya yi ta jero masa abin da suka karanta a shekarar: ɓarawon raƙumi, matar da ta haƙa rijiya ita kaɗai, da makiyayin da ya tsallaka Nijar neman farar saniyarsa.

"Wannan ba mu gama ba. Ɗauko littafin ka ƙarasa mini."

Mairam ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa ta shiga kwashe kwanonin da ba wanda ya sa ta.

Sama'ilu ya buɗe, ya juya shafi, ya duba bango.

"Baffa, ai wannan littafin takin gyaɗa ne. Babu saniya a ciki."

Ajin yaƙi da jahilci ya watse tun kafin Mairam ta iya haɗa baƙi. Duk labaran daga kanta suke fitowa, tana juya shafi don mahaifinta ya ji ƙarar takarda.

"Na sani," in ji Alhaji. "Malamin gona ne ya ba ni shi tun ina gani. Mairam, zo ki zauna. Ya same ta ko bai same ta ba?"

Ta karɓi littafin. Ita ma ba ta sani ba tukuna.