Abin da Maƙwabci Ya Binne

Da hantsi ya hango mutum durƙushe a tsakiyar gonarsa, yana tona ƙasa da hannu ɗaya, yana binne wani abu. Maƙwabcinsa ne, wanda ya karya wa hannu bara a kan iyakar gona. Tun daga ranar ko gaisuwar mutuwa ba ta sake haɗa su ba.

Damina biyu ke nan ba ruwa. Rumbu ya ƙare, har irin shuka iyalinsa sun daka sun sha. Yanzu kuma ga sammu?

Ya ruga ya shaƙo wuyan rigar maƙwabcin. "Fari bai ishe ni ba, sai ka binne min asiri? Yau za ni karya ɗayan."

"Sake ni, mugu," in ji maƙwabcin. "Kada ka zaci son ganinka nike. Jiya wurin roƙon ruwa liman ya ce mu yafe wa juna. Na buɗe baki in ce na yafe maka, maganar ta ƙi fita. Sai na ce bari hannu shi gwada."

"Ƙarya kake."

Ya ture shi, ya tone ramin da farce yana neman laya ko ƙaho. Ya tone na biyu, ya tone na uku. Ramukan sun tafi a jere har gindin gawo, aikin mutumin da riƙon sungumi ya gagara.

Ya buɗe tafinsa. Cikin busasshiyar ƙasar, ƙwayoyin gero ne.