Wadan Itacen Gwaggo Tabawa

Tun da zafi ya koro mu ƙasar ƙanƙara, dokar mutanen ƙasar ɗaya ce: kowane gida a ba shi wadan itace, in sanyi ya kashe shi, mutanen gidan su koma inda suka fito.

Mu dai kullum sai mun share ƙanƙarar gindin namu. Gwaggo Tabawa kuwa ciwon baya ya hana ta shara, ƙanƙara ta binne nata har kai.

Ranar da masu duba za su zo ta ce, "Ladiyo, tono min gawar, in ɗaure kayana."

Na tona. Wallahi ga toho jajir, ɗan abin da bai kai gwiwa ba! Ashe ƙanƙarar nan bargon itatuwan ce muke yaye musu.

Ta leƙa nawa, busasshe ƙayau. "Kwaso tabarmarki, 'yar nan. Ɗakina da faɗi."