Inda Ake Ɗaga Filafili

"Sifiri," in ji alƙalin gasar, tun tsohon bai sauko daga dandamali ba.

Tun hantsi yake yanka 'yan wasa a filin Yelwa, don wasa ɗaya tak sabuwar jiha take so Yauri ta aika Birnin Kebbi. Ɗan tauri ya zo da wuƙar da ko albasa ba ta yankawa. 'Yan kama kuwa, barkwancinsu ya girmi dam ɗin Kainji. Shi alƙalin ɗan garin ne, amma mutumin da ya ga dandamalin Legas da idonsa, me ƙauyawa za su nuna masa?

Sai ga wannan tsohon masunci, ba kiɗa ba waƙa, ya durƙusa kan katako yana tuƙa jirgin da babu. Tuƙin ya yi kyau, har mutum ya ji sanyin ruwa a jika. Amma yana tsaka da tafiya sai ya ɗaga filafili, ya ɗora a cinya, ya yi tsit.

"Baba, tuƙin ƙarya ma sai an huta?"

Alƙalin ya yi dariya, shi kaɗai. Duk filin an sunkuyar da kai, har innar alƙalin can cikin mata ta buɗe tafukanta.

"Ba hutu ba na, ɗana," in ji tsohon. "Wurin ga ba a tsoma filafili. Tsohuwar maƙabarta na ƙasa, wadda ruwan dam ya cinye. Mu masu wucewa mu ke gaishe maka da babanka kullum."

Alƙalin ya dubi takardarsa. Da biro ya riga ya rubuta sifirin, ba ya goguwa.