Naman da Mahauci Bai Gane Ba

Tunda ka ce tafiya ta kama ka, bari in ba ka labarin wani mahauci. Shekara talatin da biyar ya yi yana riƙe da wuƙa a mahautar garinsu. In ya hango tsoka daga nesa zai gaya maka ta sa ce ko ta raƙumi, kuma, Allah ya yafe masa, yana son a san ya iya. Ɗansa mai aiki a jirgin ruwa ya aiko da tikiti, shi da matarsa su same shi a wani gari na bakin teku a ƙasar Girka. Suka isa, aka ce jirgin ɗan nasu sai bayan kwana uku zai iso. Kilishin da suka ƙullo kuwa tun a filin jirgin sama aka karɓe shi. Kwana biyu suna kan burodi da zaitun, ga matar mai ciwon suga ce, burodi ba abincinta ba ne. Rana ta uku da hantsi hannunta ya soma rawa.

Ya ja ta suka fita titi, ƙamshi ya kai su wata rumfa inda aka jera nama a jikin ƙarfe, yana juyawa gaban wuta, mai na ɗiga. Mahauci ya ƙura ido, ya shaƙa, ya yanke hukunci: maraƙi ne. Ya ɗaga yatsu biyu, mai rumfa ya yanko ya naɗe a gurasa. Matar ta ce, "Malam, a dai tambaya." Ransa ya ɓaci ƙwarai. Shi ne zai tambayi Bature nama? Amma da ya waiwaya ya ga ta harɗe hannuwan nan masu rawa, sai ya gane ta gwammace ta faɗi a titi da ta ci abin da take kokwanto. In kuma ta ci bisa maganarsa, nauyin yana wuyansa. Ya haɗiye girman kansa da ƙyar, ya dafa ƙirji ya ce, "Musulmi. Halal?"

Mai rumfa, wani ƙato mai gashin baki, ya janye gurasar da sauri kamar ya taɓa garwashi. Ya ɗauki biro ya zana alade a takardar naɗi. Mahauci ya nuna kazar da ke ɗaya ƙarfen, mutumin ya ɗaga wuƙarsa ya nuna masa ita kaɗai ke yanka duka biyun. Sai ya cire ƙyallen gabansa, ya bar rumfar da masu jira, ya shige musu gaba har lungu na uku, wurin wani Bamisire mai gasa rago, da takardar shaidar yanka manne a bango. Cinikin da ya rasa bai dame shi ba, har hannu ya ba mahauci kafin ya juya.

Matar ta ci, hannunta ya daina rawa. Shi dai ya zauna yana salati, gumi na keto masa, don idon da ya dogara da shi shekara talatin da biyar saura ƙiris ya ciyar da matarsa alade. Kalma biyu ya furta a garin da bai san kowa ba, Allah ya haɗa shi da mutumin kirki. Shi ya sa Hausawa suka ce, matambayi ba ya ɓata.