Saki Igiyar, Eusebio

Briseida ta tuƙa kwalekwalenta har gindin jirgin masu hutu da ya kwana tara a gaban tsibirinmu, a Guna Yala ta ƙasar Panama. Yau ba ta ɗauko ɗinkin sayarwa ba. Eusebio, ma'aikacin jirgin, mutumin Cartagena ta ƙasar Kolombiya, ya sauko ya kama igiyarta.

"Me dattawan suka ce?" ya tambaye ta.

Hannunsa ta kalla, ba fuskarsa ba. "Abin da ka sani. A nan miji ke tarewa gidan mace, kuma ba a ɗaura wa baƙo ragar lilo ta kwana a gidajenmu. In na aure ka, na bar tsibirin ke nan."

"To ki biyo ni mana."

"Zuwa ina, sarkin ruwa? Gadon da kake kwana ma na mai jirgi ne."

Aka fara janye anga, ƙarfen da ke riƙe jirgi a ruwa, jirgi zai tashi.

"Zan dawo baɗi."

"Bara ma haka ka ce. Saki igiyar, Eusebio."

Bai saki ba. Daga sama wata baƙuwa ta leƙo da waya za ta ɗauki hoto, wai su yi murmushi. Su biyun suka ɗaga kai suka yi mata, don aikinsu ke nan.